Giyar da Ta Rasa Jikinta

Ranar Talata da hantsi Kawu Anselme ya sha kofi uku daga gangar waliyyi. Kafin la'asar yana birgima a tsakar ɗakinsa yana sheƙa amai, washegari da safe ya cika a asibitin birni. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce guba ce, irin wadda muke fesa wa kurangar inabi da hunturu don kashe ciwon itace. A garinmu na Brenzac babu gidan da ba shi da gwangwaninta a rumfar kayan aiki.

Kowace shekara gidaje biyar ke haɗa wannan gangar giya don bikin Saint-Vincent, waliyyin manoman inabi. Ranar Litinin kowane gida ya turo nasa kason a baro, cikin ƙatuwar kwalba mai rigar saƙa, ya sauka rumbun da ke ƙarƙashin coci ya juye ta mazurari, ya yi gaba. Gidan Kawu da na magajin gari su kawo giyar inabin Sauvignon, mai kaifi da ɗan tsamin da ke wartsake baki. Gidan Madam Hortense da na yayana Firmin su kawo Sémillon, shi ne jikin giya, kauri da santsin da ke kwanciya a harshe. Dino Zanette, ɗan Italiyan nan da ya zo tsinkar inabi ya zauna, ya kawo Muscadelle kaɗan saboda ƙamshin fure. Talata Kawu ya ɗanɗana ya ce a ƙara kaza ko a bari. Asabar duk gari ya sha, har yara ake tsoma wa burodi. Mutum ɗari biyu ke nan, da Kawu bai riga mu ba.

Ni Noélie ina tare da shi a rumbun. Ba kawuna ba ne na jini, haka duk gari ke kiransa, amma shekara ashirin muna ɗanɗana giya tare. Ni kurɓa nake in juya a baki in tofar, shi kuwa ya ce giyar waliyyi ba a zubar da ita ƙasa. Kurɓa ɗayan nan da na tofar sai da ta kwantar da ni yini guda.

Kafin a gama buga ƙararrawar mutuwa gari ya yanke hukunci. Dino ne ya zuba nasa a ƙarshe, kuma bara sun yi cacar baki da Kawu a bainar jama'a, da Kawu ya ce Muscadelle ɗinsa warin turaren karuwai yake. Aka farfasa masa tagogi da duwatsu, aka rataye masa kare a ƙofa. Shugaban jandarmomi ya ce in har Asabar ba a samu wani bayani ba zai tafi da shi Bordeaux. A wancan zamanin wanda ya kashe mutum da guba kansa ake sarewa.

*

Magajin gari ne ya kira Octave Lespiau. Shi ne mai tsaron dajinmu, in maharba suka ji wa aladen daji rauni ya tsere, shi ke bin sawu har ya kai su. Dogo ne siriri, kullum idonsa a ƙasa kamar wanda ya yar da allura, kuma sai ya yi yini bai furta kalma goma ba. Ranar Alhamis da safe na gan shi a ƙofar kicin ɗina yana kankare laka daga takalminsa.

“Sannu da jiki, Noélie.”

“Yauwa. Shigo mana, ka tsaya kamar mai tallar tsintsiya.”

Ya zauna, ya ƙi kofi. Makon nan babu mai shan komai a gidan wani.

“Me tsohon ya ce da ya sha na farko?”

“Bai ce komai ba.”

“Anselme? Ya sha giya bai ce komai ba? Ashe tun a rumbu ya mutu.”

Na juya ina goge tukunyar da na riga na goge.

“Na ga kofinsa,” in ji Octave. “Na ga inda ya ɗiga a ƙasa sau uku tsakanin ganga da benci. Shekara talatin kofi ɗaya yake sha ya yanke magana. Me ya mayar da shi har sau uku?”

“Ƙila daɗi ta yi masa.”

Ya ɗago ya dube ni, abin da ba ya yi wa mutane. Sai ya miƙe.

“Matar Dino ta ɗaure kayan yara a zani, tana jiran Asabar. Na ce bari in gaya miki.”

Ƙarya na yi masa, kuma ya sani. Kawu ya yi magana. Da ya kurɓi na farko sai ya ɓata fuska ya ce, “Ke Noélie, ina jikin giyar nan ya tafi?” Ganga cike take har baki, ƙamshin furen Dino na nan, kaifin Sauvignon na nan har ya yi yawa, amma tana wucewa a harshe tsararo, babu abin da ke riƙe ta. Neman abin da ya ɓace ne ya sa ya ƙara na biyu da na uku. Rabin Sémillon bai shiga gangar ba, wani abu ne ya cike gurbinsa, kuma gida biyu kacal ke kawo Sémillon. Ɗayansu gidan da aka haife ni ne.

*

Da rana na bi shi gidan Dino, don zama ni kaɗai ya gagare ni. Mun same shi zaune a duhu, an toshe tagogi da buhuna, yara uku sun maƙale a bayan uwarsu.

“Malam Octave, na rantse da kabarin uwata! Lita biyar na zuba, biyar! Ni zan sa guba a abin da 'ya'yana za su tsoma burodi?”

“Ina gwangwanin maganin feshinka?”

Ya kawo. Rabi ne a ciki.

“Ka ga, rabi!” in ji wani daga masu leƙe ta katanga.

Octave ko waiwaye bai yi ba. “Je ka ɗauko naka, Gaston, mu ga ko cike yake.”

Octave ya ajiye gwangwanin. Ya fita ya tsuguna gaban baron Dino, ya shafa tayar, ya auna faɗinta da yatsu. Daga nan ya kama hanya kansa a sunkuye, ni a baya. Litinin an yi ruwa, daren nan sanyi ya sauko ya daskarar da laka, don haka sawun baro biyar suna nan a hanyar coci kamar an zana su a siminti. Ya bi na Dino daga ƙofar rumbunsa har coci. Ya bi na magajin gari, ya bi na ma'aikacin Kawu. Kowanne daga rumbun giya ya taso, kamar yadda ya kamata.

A mararrabar ƙasan gari ya tsaya ya daɗe. Nan hanyar gidan Madam Hortense da ta gidan Yaya suke haɗuwa, kuma garken shanu ya bi ta wurin ya tattake komai. Sai ya ratse cikin ciyawa ya gangara wajen marmaron da mata ke wanki. Ya nuna mini da tsinke.

“Baro ya sauko nan ba nauyi. Dubi, da ƙyar ya taɓa ƙasa. Ya hau da nauyi, tayar ta nutse yatsa biyu. Ga da'irar gindin kwalba inda aka ajiye ta.”

“Ƙila wanke ta aka yi.”

“Wadda aka wanke ba ta ƙara nauyi.” Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. “Wani ya kai wa waliyyi ruwa lita ashirin. Daga nan sawun ya shiga na shanu, ni kuma iyakata ke nan. Baron Hortense da na Firmin maƙeri ɗaya ya yi musu taya.”

Na kawar da kai daga sawun. Na ce sanyi nake ji, na koma gida.

*

Juma'a muka je wajen Madam Hortense. Gwauruwa ce mai shekara saba'in, bakinta ya fi almakashin datse inabi kaifi, kuma duk gari ya san ba ta gaisa da Kawu ba tun suna matasa. A raina na yi ta roƙon Allah ya sa ita ce. Kunya nake ji in faɗa, amma haka ne.

“Ka zo kama ni ne, ɗan Lespiau? Na san ka tun kana tsiyayar majina.”

“Tambaya ce, Madam. Wa ya kai miki kwalba coci?”

“Ni da kaina. Kana ganin na mutu ne?”

“Kin biya ta marmaro?”

“In yi me, wanka? A watan Janairu?” Ta juyo kaina. “Ke kuma me ya same ki kika yi fari kamar cuku? Ku saurara. Na tsani Anselme shekara hamsin, kuma da zan kashe shi da tuni na yi, lokacin da abin zai yi mini amfani. Amma in sa guba a giyar da jikokina za su sha? Allah ya tsine wa wanda ya yi.”

Ta tsiyayo nata Sémillon ta kurɓa a gabanmu don mu gani, sannan ta miƙo mini. Na juya shi a baki. Na matasan kuranga ne, shekara takwas da dasawa, mai sauƙi, ɗan santsi kaɗan da ɗanɗanon lemo. In shi ne ya ɓace, ganga za ta rame kaɗan. Abin da na ji ranar Talata ya wuce rama.

*

Yaya Firmin muka samu a gonar kan tudu yana datse rassa. Kurangun nan kakanmu ya dasa, mahaifinmu ya rene su, gindin kowace ya kai cinyar mutum, amma ƙasar ta Kawu Anselme ce, mu noma muke a raba amfani. Giyarsu ba ta da yawa, sai dai in ta shiga baki sai ta lulluɓe harshe kamar kakin zuma ta ƙi tafiya. Yaya bai yi aure ba, bai taɓa kwana a wani gari ba. Shi ya goya ni da mahaifiyarmu ta rasu.

“Auta, kin warke?” Ya taɓa goshina da bayan hannu. 

“Na warke, Yaya.”

“Firmin, ka kai naka ranar Litinin?” in ji Octave.

“Kamar kullum.”

“Ta wace hanya?”

“Hanya nawa ce?”

Octave ya juya yana kallon gefen gonar. An kafa ƙananan turaku masu jan fenti a jere, sababbi fil, tazararsu ba irin ta tsoffin layuka ba.

“Wa zai yi sabon dashe a nan?”

Almakashin Yaya ya tsaya.

“Tambayi mai ƙasa.”

“Mai ƙasa yana cikin akwati.”

“To ka ga babu mai amsa maka.”

Ni na san amsar. Bayan girbi Kawu ya gaya mini cewa a watan Maris zai sa a tumɓuke tsoffin kurangun a dasa Sauvignon, don shi 'yan kasuwar birni ke nema yanzu. Na roƙe shi, ya ce ƙasa ba ta san zumunci da itace ba. Ban taɓa tambayar Yaya yadda ya ji ba, tsoron amsar nake.

A hanyar dawowa Octave ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

“Ganga an rufe ta da hatimi, kuma ko an buɗe babu mai sa ta a baki. Mutum biyu suka san ɗanɗanonta. Ɗaya za a binne shi Litinin.”

“Octave, don Allah.”

“Ba zan tambaye ki suna ba. Gobe zan ba ki kofi biyar, ki nuna mini wanda kika taɓa sha. In kin ce kin manta, babu mai kama ki.” Ya ɗan tsaya. “Sai dai motar jandarmomi ba za ta koma Bordeaux ba kowa a ciki.”

*

Asabar ta zo babu kiɗa, babu tutar waliyyi. Da ƙarfe goma na safe aka taru a rumbun ƙarƙashin coci: shugaban jandarmomi, magajin gari, Madam Hortense da sandarta, Dino tsakanin jandarmomi biyu, Yaya a jikin bango hularsa a hannu. Sauran gari sun cika matakala har waje, kowa ya yi tsuru-tsuru.

Tun da sassafe Octave ya bi gidajen biyar tare da jandarma, ya ɗebo giya daga gangar kowa. Ya haɗa kofi biyar daidai da kason da aka saba, sai dai a kowane kofi ya cire na gida ɗaya ya sa ruwan marmaro a madadinsa. Ƙarƙashin kowane kofi akwai takarda a kife.

“Wannan wane irin wasan yara ne?” in ji shugaban jandarmomi.

“Ranka ya daɗe, wanda ya yi abin nan da ruwa ya kawo gubarsa, ba da giya ba. Na ga inda ya ɗebi ruwan. Dino kuwa daga rumbunsa ya taso kai tsaye.”

“Me zai sa mutum ya wahalar da kansa? Ya zuba a giyar mana.”

Madam Hortense ta yi tsaki. “Daga gani kai ba ɗan nan ba ne.”

Na matsa gaban benci. Na farko babu ƙamshin fure, na ture shi. Na biyu da na uku sun yi nauyi, sun rasa kaifi, Sauvignon aka rage musu. Na huɗu ya ɗan rame, amma can ƙarshen harshe kakin zuman nan ya zo ya kwanta, na san shi kamar yadda na san muryar gidanmu. Na ɗauki na biyar na kurɓa. Kaifi, fure, sannan babu komai. Bakina ya koma ranar Talata, har na ga fuskar Kawu yana ɓata rai.

Na tofar. Na tsaya riƙe da kofuna biyu, na huɗu da na biyar. Ba sai an ɗaga takarda ba, na san sunan da ke ƙarƙashin kowanne. In na ce na huɗu, tsohuwa ce za ta shiga uku. In na ce na manta, Dino ne. Na dube shi, leɓɓansa na motsi yana addu'a da yarensu. Na dubi Yaya. Shi ba ni yake kallo ba, kofin na huɗu yake kallo, wanda giyarsa ke ciki, kuma wallahi fuskarsa har da ɗan alfahari.

“Madam, muna jira,” in ji shugaban.

Na ajiye na huɗu. Na ɗaga na biyar.

“Wannan ne.”

Octave ya juya takardar, ya miƙa wa shugaban ba tare da ya karanta ba. Kafin a furta sunan Yaya ya tako gaba.

“Ku saki mutumin nan. Bai san komai ba.”

Matakala ta ɗauki salati da ihu. Magajin gari ya dafe kai.

“Firmin! Mutum ɗari biyu, Firmin! Da yara!”

“Ba mai sha kafin Anselme. Na san in ya faɗi za a rufe gangar.”

“To don me ruwa?” in ji shugaban.

Yaya ya dube shi kamar wanda aka yi wa tambayar wauta.

“Na cika kwalbar da giyata, na buɗe gwangwanin. Na tsaya a kanta har hannuna ya ƙage. Kurangun nan shekara tamanin suke ba mu, bana ce ta ƙarshe. In zuba musu wannan ƙazanta?” Ya girgiza kai. “Na mayar da ita ganga.”

Sai a nan bakina ya buɗe.

“Yaya, ni fa? Ka san ina wurin.”

“Ke tofarwa kike, Auta.”

“Da na haɗiye fa?”

Ya sunkuyar da kai. Hular ta faɗi daga hannunsa. Ban taɓa jin tsoron mutum kamar yadda na ji tsoron yayana a lokacin nan ba, kuma ban daina ƙaunarsa ba ko na daƙiƙa ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau.

Aka kwance ankwa daga hannun Dino aka mayar a nasa. Mutane suka dare a matakala, babu wanda ya iya duban Dino, babu wanda ya iya dubana. Octave ya tsaya a gefe yana kallon ƙasa. Da suka kai tsakiyar matakala Yaya ya turje ya waiwayo. Na ɗauka gafara zai nema.

“Auta, ganga ta uku daga ƙofar rumbuna tana shan iska. Ki cike ta kafin Laraba, kar ta yi tsami. Da tata za ki cike, tana cikin ƙaramar kwalba a bayan injin matse inabi. Kar ki sa mata ta kowa.”

Suka ja shi suka fita.

Ranar Talata na ɗauki mabuɗi na hau tudu zuwa rumbun Yaya ni kaɗai. Na sami ƙaramar kwalbar inda ya ce. Na cire toshiya, na tsiyaya a hankali har giyar ta taɓo baki, na goge gefen da tsumma yadda yake yi, na mayar da toshiyar na buga ta da tafin hannu. Sannan na zauna a ƙasa na jingina da gangar, na yi kukan da ban yi wa Kawu ba.